Daga Tukunyar Mai Zuwa Kwalekwalen Roba: Tarihin Zuwa Kallon Dabbobi a Antaktika

Kwana biyu jirgin ruwa ke yi tsakanin Ushuwaya, garin da ke can ƙurewar kudancin Ajantina, da tsibiran farko na Antaktika. A cikin kwana biyun nan, yayin da igiyar ruwan Mashigin Drake ke jijjiga jirgin, rabin fasinjoji na kwance da jiri da tashin zuciya, ma'aikata kan tara kowa a zaure, kowa da jakarsa da rigar sanyinsa da safar hannunsa. Sai a juye aljihu a zuƙe ƙurar cikinsa da inji, a bi ɗinkin riga da allura ana tsince ƙwayar ciyawa, a goge ƙarƙashin takalmi da burushi, sannan mutum ya sa hannu a takarda cewa an duba kayansa. Attajirin da ya biya dubban daloli da matashin da ya shekara yana tari duk layi ɗaya suke bi. Masu tallar irin wannan tafiya sun fi son nuna hoton tsaunin ƙanƙara da tsuntsayen fengwin, amma a ganina wannan shara da goge-goge ita ce ta fi bayyana sana'ar. Kusan duk abin da fasinja zai tarar a ƙaramin jirgin kallon dabbobi, tun daga yawan mutanen da aka yarda su sauka har zuwa tazarar da za su bari tsakaninsu da dabba, martani ne ga wata ɓarna da aka taɓa yi a wurin. Waɗannan ƙa'idoji su ne hujjar wanzuwar sana'ar, kuma an ɗinka su ne daidai jikin baƙi 'yan kaɗan. Yanzu baƙin sun yi yawa, ƙa'idojin kuwa suna nan yadda aka bar su.

Baƙin farko da suka isa yankin fata suka je nema. A 1775 Kyaftin James Cook na Ingila ya sauka a tsibirin Jojiya ta Kudu, bai ga abin sha'awa a ƙasar ba, amma ya rubuta cewa gaɓarta cike take da sil, dabbar ruwan nan mai gashi mai laushi da ke hayayyafa a bakin teku. Labarin ya isa kunnen mafarautan Ingila da Amurka, suka yi ɗango. Aikin ba shi da wuya, domin dabbar ba ta san tsoron mutum ba: kulki a ka, a feɗe, a zuba gishiri a fatar, a loda. James Weddell, wanda shi kansa da wannan sana'a ya ci abinci, ya ƙiyasta a littafinsa na 1825 cewa an kwashe fata miliyan 1.2 daga Jojiya ta Kudu kaɗai, har dabbar ta kusa ƙarewa. Da William Smith ya gano tsibiran Shetlan ta Kudu a 1819, sai aka koma can, cikin 'yan shekaru ƙalilan aka share su tas. Ba wanda ya hana, domin ba mai wurin, kuma kowane kyaftin ya san abin da ya bari yau wani zai kwashe gobe.

Ƙarni na ashirin ya zo da farautar da ta fi wannan girma. A 1904 wani ɗan ƙasar Norwe, Carl Anton Larsen, ya kafa tashar Grytviken a Jojiya ta Kudu domin narka kitsen wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa wadda babu halittar da ta kai ta girma. Tsakanin wannan shekara da 1965, tashoshin tsibirin sun sarrafa wel sama da 175,000. Abin da ya hura wutar cinikin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A farkon ƙarnin masana a Turai suka gano dabarar daskarar da ruwan mai ta hanyar cusa masa iskar haidurojin, sai ya zama ana iya yin sabulu da majarin, wato botar da ba ta nonon saniya ba, da kusan kowane irin mai. Masana'antun Turai suka shiga neman mai ido rufe. Wannan ƙishirwa ce ta sa da jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 gyaɗa ta zama hajar da kowa ke rububi, har daga baya aka yi ta gina dala da buhunanta. Kamfanin Lever Brothers ya sayi wani kamfanin farautar wel mai tasha a Jojiya ta Kudu a 1919, shekara ɗaya bayan haka ya sayi kamfanin Neja da ke cinikin amfanin gona a Najeriya. Man gyaɗar manomin Kano da kitsen da aka narka a gaɓar ƙanƙara kasuwa ɗaya suke shiga, farashin wannan na taɓa na wancan. Bambancin kawai, gyaɗa ana sake shuka ta kowace damina.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba a cika kula da shi ba, alhali shi ne ya fi kama da halin da ake ciki yau. Farautar wel a Jojiya ta Kudu ba a sake take ba. Hukumar Ingila da ke tsibiran Fokland ce ke ba da lasisi, ta ƙayyade yawan tashoshi da jiragen farauta, ta hana kashe uwa mai shayarwa, ta matsa a riƙa amfani da gawar gaba ɗaya a daina yar da ita bayan an yanke kitse. Dokar tana da ƙarfi ne saboda dalili ɗaya: mafarauci na buƙatar gaɓa ko tashar da zai fake ya yi fiɗa. A 1925 jirgin Lancing na Norwe ya fito da gangara a bayansa, wadda ake jawo wel sukutum a hau da shi kan jirgi, a feɗe a narka a tsakiyar teku. Daga ranar lasisin Ingila ya zama takarda kawai. A kakar 1930 zuwa 1931 an kashe shuɗin wel sama da 29,000 a tekun Antaktika. Sai da aka kai nau'in bakin ƙarewa kafin a hana farautarsa a shekarun 1960, dakatar da farautar kasuwanci baki ɗaya kuwa sai 1986. Dokar da aka ɗaure a wuri guda, sana'a kan kewaye ta da zarar fasaha ta ba da dama.

Lokacin da ƙasashe 12 suka sa hannu a Yarjejeniyar Antaktika a birnin Washington a 1959, hankalinsu na kan hana yaƙi da gwajin nukiliya, da jingine rigimar mallakar ƙasa, da buɗe ƙofar bincike. Ba a ambaci yawon buɗe ido ba ko sau ɗaya, ko da yake jirgin sojan ruwan Ajantina ya riga ya kai 'yan kallo tsibiran Shetlan ta Kudu tun 1958. Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Lars-Eric Lindblad, haifaffen Suwidin da ya zauna a Amurka. A 1966 ya yi hayar jirgin sojan ruwan Ajantina mai suna Lapataia ya kai fasinjoji 57, a shekarar da ta biyo baya ya fara kai mutane tsibiran Galapagos, a 1969 kuma aka ƙera masa jirgi na kansa a Finlan, Lindblad Explorer, mai ƙarfin jikin da zai iya kutsawa cikin ƙanƙara, mai ɗaukar fasinja kimanin ɗari. Tsarin da ya shimfiɗa shi ake bi har gobe. Maimakon makaɗa da 'yan rawa, sai ya ɗauko masana tsuntsaye da duwatsu da tarihi su riƙa ba da lacca, irin su Peter Scott, ɗan wani shahararren matafiyi da ya rasu a hanyar dawowa daga tsakiyar Antaktika a 1912. Maimakon neman tashar da jirgi zai tsaya, sai ya ɗauko kwalekwalen roba mai inji, samfurin Zodiac da mai binciken teku Jacques Cousteau ya shahara da shi, wanda ke iya kai mutum goma zuwa sha biyu kowace gaɓa. Abin lura, shekarar da Lindblad ya kai fasinjojinsa na farko ta zo ne dab da mutuwar tashoshin Jojiya ta Kudu. Dabbobin da aka bar nema don fata da kitse su aka koma nema don kallo.

Wunin fasinja a irin wannan jirgi bai sauya sosai ba tun zamanin Lindblad. Da asuba muryar shugaban tafiya ke tashin mutane ta lasifika, ya faɗi inda jirgi ya kwana, da ƙarfin iska, da ma'aunin sanyi. Jagorori kan riga kowa sauka, su duba gaɓa, su kakkafa tutoci a hanyar da za a bi. Fasinja ya saka riguna bisa riguna, da wandon da ruwa ba ya ratsawa, da dogon takalmin roba, da rigar ceto, ya taka cikin kwanon maganin kashe ƙwayoyin cuta, a rubuta fitarsa. Wajen shiga kwalekwale ba a kama tafin hannu, tsintsiyar hannu ake riƙewa, shi ya riƙe na matuƙi, matuƙi ya riƙe nasa, domin safar hannu na sulɓewa. A gaɓa babu gada, cikin ruwa ake dira har ƙauri. Kafin ido ya ga garken fengwin hanci ya riga ya sani, warin kashinsu mai launin ja-ja saboda ƙananan jatan landen da suke ci, ga kukan dubban tsuntsaye ba ƙaƙƙautawa. Suna da hanyoyinsu da suka taka a cikin dusar ƙanƙara tsakanin sheƙa da teku, kuma idan ɗaya ya tunkaro, mutum ne zai tsaya ya ba shi hanya. Ba a kusantar dabba ƙasa da mita biyar, ba a sauka da abinci, ba a ɗaukar ko da tsakuwa ko gashin tsuntsu. Bayan sa'a biyu ko uku a koma, a sake wanke takalmi. Da yamma a taru a ji bayanin abin da aka gani da shirin gobe, wanda kowa ya san iska na iya rusa shi cikin dare. Wanda ya sayi tikiti da sa ran lallai zai taka wuri kaza ranar kaza bai fahimci abin da ya saya ba. Kaka ma na da nata hukunci: a Nuwamba ƙanƙara na nan fes, tsuntsaye na ginin sheƙa, a Disamba da Janairu ake ƙyanƙyasa, wel kuwa sun fi yawa a Fabrairu da Maris.

Waɗannan ƙa'idoji ba su zama na kowa ba sai da aka ji jiki. A Janairun 1989 jirgin Bahía Paraíso na Ajantina, mai kai kaya sansanoni wanda kuma ke ɗauke da 'yan yawon buɗe ido, ya hau dutse kusa da tashar binciken Amurka ta Palmer, ya zubar da man dizal kimanin lita 600,000 a tsakiyar lokacin hayayyafar tsuntsaye. Ba a yi asarar ran mutum ba, amma masu bincike sun ga abin da man ya yi wa tsuntsaye da halittun gaɓa a ƙofar ɗakinsu. Bayan shekara biyu, a 1991, ƙasashen yarjejeniya suka rattaba hannu a Madrid kan ƙarin yarjejeniyar kare muhalli, wadda ta haramta haƙar ma'adinai ta kuma wajabta auna illar kowane aiki kafin a fara shi. A wannan shekarar kamfanoni bakwai suka kafa ƙungiyar IAATO, suka ɗora wa kansu dokoki tun kafin gwamnatoci su ɗora musu. Ba sai an ɗauke su waliyyai ba. Sun ga inda iska ta dosa, sun kuma san hajarsu ita ce wuri mai tsabta da dabba marar tsoro. Daidai lokacin ne Tarayyar Sobiyet ta rushe, jiragenta masu jure ƙanƙara, irin su Akademik Ioffe da Kapitan Khlebnikov, suka rasa kuɗin aiki, kamfanonin yawo suka yi hayarsu da arha. Sana'ar ta samu dokokinta da jiragen faɗaɗarta a lokaci guda.

Ginshiƙan dokokin huɗu ne, kuma su ke ba kalmar ƙaramin jirgi ma'ana. Mutum fiye da 100 ba sa kasancewa a gaɓa lokaci ɗaya. Kowane fasinja 20 sai da jagora aƙalla ɗaya. Jirgi ɗaya kaɗai ke sauke mutane a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Jirgin da ya ɗauko fiye da fasinja 500 ba ya sauke kowa, sai dai kallo daga bene. Lissafin a bayyane yake. Jirgi mai mutum ɗari na iya sauke kowa da safe, ya matsa wani wuri ya sake saukewa da yamma. Mai ɗari huɗu sai ya kasa su kashi huɗu, kowa ya samu ɗan lokaci kaɗan, wasu wuraren ma ba a yarda ya je ba. Shi ya sa da dama daga cikin sababbin jiragen da ake ƙerawa suke tsayawa ƙasa da fasinja 200. Kaɗaicin da fasinja ke ji a gaɓa, yana waige-waige bai ga wani jirgi ba, shi ma shirya shi aka yi: watanni kafin kaka kamfanoni ke shiga rajista ɗaya su raba wurare da sa'o'i, wannan ya fice ta bayan tsibiri kafin wancan ya ɓullo. Ban ga laifi a wannan ba, domin tsuntsayen ma na samun hutu tsakanin baƙi. Amma ya kamata mai tafiya ya san cewa layi yake bi, ko da bai ga na gabansa ba.

Ƙanƙantar jirgi ba ta kawar da haɗari. A daren 23 ga Nuwamba 2007 tsohon jirgin Lindblad ɗin nan, wanda ya sha sauya hannu har ya koma Explorer kawai, ya bugi ƙanƙara kusa da tsibiran Shetlan ta Kudu, ruwa ya shiga, ya nutse. Mutum 154 da ke ciki sun shafe sa'o'i a buɗaɗɗun kwalekwalen ceto kafin jirgin Nordnorge na Norwe ya tsince su, ba wanda ya mutu. Teku ce ta yi musu sauƙi a ranar, kuma akwai wani jirgi kusa da ke da wurin ɗaukar su duka. Da mutum dubu biyu ne, babu jirgin da zai kwashe su, babu asibiti, babu masu ceto kusa. Bayan wannan ne hukumar sufurin teku ta duniya ta hana amfani da baƙin mai mai kauri a tekun Antaktika daga 2011, abin da ya kori wasu manyan jirage, sannan kundin dokokin jiragen yankunan ƙanƙara ya fara aiki a 2017. Nan ma gyara ya biyo bayan ɓarna ne.

Mai ƙorafi na farko zai ce: tunda haka ne, me ya sa ba za a rufe wurin ga 'yan kallo gaba ɗaya ba, a bar wa masu bincike? Maganar na da nauyi, sai dai shaidar da ake da ita ba ta goya mata baya yadda ake zato. A Port Lockroy, tsohon sansanin Ingila na 1944 da ya zama gidan tarihi da gidan waya, an keɓe wani sashe na tsibirin ba a barin baƙi su shiga, ana ƙirga sheƙunan fengwin a sassan biyu tun tsakiyar shekarun 1990. An ga raguwa, amma ta shafi inda ake shiga da inda ba a shiga, don haka da wuya a ɗora wa baƙi laifin su kaɗai. Wani babban bincike da aka buga a 2012, wanda aka zuƙe kayan masu zuwa Antaktika aka ƙirga irin tsirran da ke maƙale, ya nuna masu bincike da ma'aikatan sansanoni sun fi 'yan yawo ɗauko iri a kan kowane mutum. A Jojiya ta Kudu kuwa, ɓerayen da jiragen mafarauta suka kai sun shafe kusan ƙarni biyu suna cinye ƙwai da 'yan tsakin tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Daga 2011 zuwa 2015 aka yi ta watsa guba da jirage masu saukar ungulu, a 2018 aka tabbatar tsibirin ya rabu da su, kuma gudummawar fasinjojin jiragen yawo na cikin kuɗin da aka yi aikin da shi. Ga kuma wata gaskiya mai ɗaci: babu hukumar da ke da ikon rufe Antaktika. Idan aka hana kamfanonin da suka yarda da ƙa'ida, waɗanda ba su yarda ba ne za su ci gaba da zuwa, ƙarƙashin tutar ƙasar da ba ta cikin yarjejeniya.

Daga ɗaya ɓangaren, kamfanoni na da tasu hujja da suka gada daga Lindblad: gani ya kori ji, wanda ya je ya gani zai dawo gida ya zama mai kare wurin. Wannan ce hujjar da na fi shakka. Ba na musun cewa ganin wel na numfashi gefen kwalekwale na ratsa zuciya. Amma tsakanin ratsa zuciya da sauya halin rayuwa akwai nisa, kuma yarjejeniyar 1959 da ta Madrid, waɗanda su ne katangar gaske, mutanen da mafi yawansu ba su taɓa taka ƙanƙarar ba ne suka tsara su. Ga kuma kuɗin da yanayi ke biya: jirgin sama daga Amurka ko Turai ko Sin zuwa kudancin Ajantina, sannan kwana goma ko ashirin a jirgin da ke ƙona mai dare da rana domin mutum ɗari da 'yan kai. Idan aka raba hayaƙin bisa kai, ƙaramin jirgi ba lallai ya fi babba sauƙi ba. Zirin ƙasar Antaktika mai miƙewa zuwa arewa, inda kusan duk jiragen ke zuwa, yana cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya cikin rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin, har fengwin nau'in adeli na raguwa a yammacinsa. Sana'ar ba za ta iya kare kanta da abin da take fatan fasinja zai zama ba. Abin da za ta iya nunawa shi ne abin da take hana fasinja yi yau, a gaban idon jagora.

To a nan ne matsalar take. A farkon shekarun 1990, lokacin da aka rubuta dokokin, masu zuwa Antaktika a kaka ɗaya ba su kai 7,000 ba. A kakar 2023 zuwa 2024 sun haura 120,000. Dokar mutum ɗari ta ƙayyade yawan masu tsayawa a gaɓa a sa'a guda, ba ta ce komai ba game da yawan jiragen da za su zo a shekara. Ƙasar da ba ƙanƙara a kanta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nahiyar ba, a nan tsuntsaye ke sheƙa, a nan tsiro ke fita, a nan kuma kowane kwalekwale ke son tsayawa. Da jadawali ya cika, sai a nemi sababbin wurare, a fara kaka da wuri, a ƙare ta a makare. Fasaha ma ta fara kewaye gaɓar, kamar yadda Lancing ya yi: ana tashi da jirgin sama daga Punta Arenas ta ƙasar Chile zuwa tsibirin King George cikin sa'a biyu a tsallake Mashigin Drake, wanda dā shi ne mai tace masu zuwa, wasu jiragen kuma na ɗauke da masu saukar ungulu da ƙananan jiragen nutso. Da murar tsuntsaye mai tsanani ta isa Jojiya ta Kudu a Oktoban 2023, ta kuma bayyana a nahiyar kanta a Fabrairun 2024, an rufe wuraren sauka da dama, aka hana fasinja zama ko durƙusawa ko ajiye jaka a ƙasa. Tsuntsaye masu ƙaura ne ake ganin sun kai cutar, ba mutane ba. Amma takalmin da ya taka gaɓa biyu a wuni ɗaya hanya ce, kuma yawan takalman ne ke ƙara yiwuwar burushi ya tsallake wani abu.

Za a ce tsarin sa-kai ya yi aiki sama da shekara talatin, me zai sa a taɓa shi? Gaskiya ne ya yi aiki, kuma ya cancanci yabo. Amma ƙungiyar 'yan kasuwa na iya daidaita yadda mambobinta ke aiki, ba za ta iya ce wa sabon kamfani kasuwa ta cika ba, ba kuma za ta yanke wa kanta riba da hannunta ba. Inda ake da hukuma mai iko an riga an wuce wannan mataki. Ƙasar Ekwado ta ƙayyade yawan jiragen da ke da izini a Galapagos, ba wanda ke ɗaukar fiye da fasinja 100, jagora ɗaya ga mutum 16, kuma hukumar gandun ce ke tsara wa kowane jirgi hanyarsa. Norwe, daga Janairun 2025, ta hana jirgi mai fiye da fasinja 200 shiga wuraren da aka killace a tsibiran Svalbard, ta kuma taƙaita sauka a manyansu zuwa wurare 43. A Antaktika kuwa sai ƙasashe 29 masu ƙuri'a sun amince baki ɗaya kafin a zartar da komai, ƙasa ɗaya ta ƙi, magana ta mutu. A taron Baltimore na 2009 sun amince a mayar da dokokin sauka na dole, amma aka kwashe shekaru matakin bai fara aiki ba, saboda sai kowace ƙasa ta tabbatar da shi a gida. A taron Helsinki na 2023 suka yarda a buɗe tattaunawa ta musamman kan cikakken tsarin yawon buɗe ido. Abin da ya kamata tattaunawar ta haifar a fili yake: adadin baƙi na shekara ga kowane wurin sauka, jerin wuraren da ba za a taɓa buɗewa ba, da kuɗin shiga da za a riƙa biyan masu sa ido masu zaman kansu da shi. Kowane ɗaya daga cikin ukun na taɓa tambayar da aka jingine tun 1959, wato wa ke da ikon karɓar kuɗi ko rufe ƙofa a ƙasar da ƙasashe bakwai ke da'awar mallaka, sauran kuma ba su amince da da'awar ba. Jiragen da za su yi aiki shekara talatin masu zuwa kuwa an riga an ba da kwangilar ƙera su.